Horon CBT ga ma'aikatan lafiya: yadda ake yaye masu jinya da magana, da abin da takardar shaidarsu ke nufi

A watan Janairun 2023 abubuwa biyu suka faru a ƙasashe biyu, kuma da wuya a samu wanda ya haɗa su a labari guda. A Abuja, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da Najeriya ta gada daga Turawan mulkin mallaka. A Ingila kuwa, hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, ta sauya wa wani babban shirinta suna daga IAPT zuwa NHS Talking Therapies, ma'ana jinya da magana. Dokar Najeriya ta yi wa ɗan ƙasa alƙawarin kulawa cikin mutunci. Shirin Ingila kuma ya shafe shekara goma sha biyar yana kokawa da tambayoyin da doka ba ta iya amsawa da kanta: su wa za su yi jinyar, wa zai koya musu, kuma ta yaya za a gane sun iya?

Akasarin amsar da Ingila ta bayar ta rataya ne a kan wata hanyar jinya da aka fi sani da haruffan CBT, da kuma kwas na gaba da digiri da ake yi wa nas-nas da jami'an jin daɗin jama'a da sauran ma'aikatan lafiya domin su iya aiki da ita. Haruffan nan uku yanzu suna yawo a tallace-tallacen intanet, inda ake sayar da kwas na 'yan sa'o'i da takardar shaida mai hatimi. Don haka akwai amfani a san yadda horon yake a inda aka gina shi da gaske.

Mece ce CBT?

Da Hausa ana iya kiranta jinyar gyaran tunani da ɗabi'a. Tushenta shi ne cewa abin da ya sami mutum ba shi kaɗai ke riƙe shi cikin ƙunci ba. Fassarar da ya yi wa abin, da matakin da ya ɗauka a kan wannan fassara, su ne ke sa ƙuncin ya zaunu. A ɗauki misalin ɗan kasuwar da jarinsa ya karye. Zuciyarsa ta raya masa cewa duk unguwa shi ake yi wa dariya. Sai ya daina zuwa majalisa, ya koma yin sallah a gida, ya kashe waya. Da abokai suka gaji da nemansa suka ja baya, sai ya ɗauki shirunsu a matsayin shaidar cewa da ma an guje shi. Tunani ya haifi ɗabi'a, ɗabi'a ta dawo ta ƙarfafa tunanin.

Aikin mai jinya shi ne ya zauna da shi su zana wannan da'ira tare, su nemo inda za a tsinke ta. Ba ya ce masa tunaninka kuskure ne. Tambaya yake yi: mene ne hujjarka, wace hujja ce ta saɓa mata, me za ka gaya wa ƙaninka da shi abin ya sama? Daga nan sai su tsara gwaji, kamar ya je majalisa na minti goma ya ga ko abin da yake tsoro zai faru, ya dawo da labari a zama na gaba. Ga mai fargaba ko waswasi ko wanda firgicin wani tashin hankali ke dawo masa, ana kusantar da shi ga abin tsoron mataki-mataki har jikinsa ya koyi cewa haɗarin ya wuce. Jinyar tana da iyaka, galibi zama shida zuwa ashirin na kimanin sa'a guda, kuma kowane zama yana da ajanda da aikin gida.

Hanyar ta taso daga rassa biyu. Reshen ɗabi'a ya fito daga aikin mutane irin su Joseph Wolpe, likita ɗan Afirka ta Kudu wanda a 1958 ya wallafa dabarar rage tsoro sannu a hankali. Reshen tunani kuma ya fito daga Amurka, inda Albert Ellis ya fara tasa hanyar a 1955, sannan Aaron Beck na Jami'ar Pennsylvania ya lura a farkon shekarun 1960 cewa masu ciwon damuwa suna da wasu munanan tunane-tunane da ke zuwa musu kai tsaye game da kansu, da duniya, da abin da ke gaba. Littafin da Beck ya rubuta da abokan aikinsa a 1979 kan jinyar ciwon damuwa shi ya zama ginshiƙin koyarwa. Ya rasu a 2021 yana da shekara 100.

Mai karatu Musulmi ba zai ga abin baƙo sosai ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta a littafinsa Masalih al-Abdan wa al-Anfus cewa mutum ya tanadi lafiyayyun tunane-tunane tun yana cikin natsuwa domin ya yaƙi munana da su ranar ƙunci, kamar yadda ake ajiye magani a gida. Farfesa Malik Badri na Sudan ne ya fassara ɓangaren littafin zuwa Turanci, ya kuma jawo hankalin masana ga kamanceceniyar. Abin da zamani ya ƙara shi ne gwaji: an auna CBT a ɗaruruwan bincike, ana kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba.

Dalilin da ya sa sai an riga an zama ma'aikacin lafiya

Wanda ya ji bayanin da ke sama zai iya cewa ai wannan nasiha ce, kowace gwaggo mai hankali ta iya. Amma kuskure a nan yana da tsada. Idan aka tura wadda 'yan bindiga suka taɓa sacewa ta maimaita labarin abin da ya same ta ba tare da shiri ba, ana iya fama mata ciwon a bar ta da shi. Idan aka yi ta kwantar wa mai waswasi hankali duk lokacin da ya tambaya ko alwalarsa ta yi, ana ciyar da waswasin ne. Akwai kuma wanda ke zuwa da kamannin ciwon damuwa alhali matsalarsa ta jiki ce, ko wata cutar ƙwaƙwalwa ce da ke bukatar magani tukuna, ko kuma ya riga ya tsara yadda zai kashe kansa.

Saboda haka ne ƙungiyar BABCP, wadda aka kafa a 1972 kuma ita ke tantance masu jinyar CBT a Birtaniya da Ireland, ta gindaya sharaɗin cewa mai neman horon ya zo da wata sana'ar tushe. Cikinsu akwai aikin nas na lafiyar ƙwaƙwalwa, da likitanci, da aikin jin daɗin jama'a, da ilimin halayyar ɗan'adam na asibiti, da jinya ta hanyar ayyukan yau da kullum. Ana ɗauka cewa irin waɗannan sun riga sun san yadda ake auna haɗari, da riƙon sirri, da rubuta bayanan asibiti, da lokacin da ya kamata a miƙa majinyaci ga wani. Wanda ba shi da ɗaya daga cikin sana'o'in nan ba a rufe masa ƙofa ba, amma sai ya haɗa kundin shaidu mai kauri da ke nuna ya samu ilimin da ƙwarewar da halayen ta wata hanya.

Tunanin koya wa waɗanda ba likitoci ba ya girmi shirin na yanzu. Tun 1972 Isaac Marks ya fara horar da nas-nas kan jinyar ɗabi'a a asibitin Maudsley da ke Landan, kuma bincikensa ya nuna sakamakonsu bai gaza na likitoci da masana halayya ba.

Yadda masanin tattalin arziki ya samo kuɗin

Abin da ya mayar da ƙaramin horo ya zama tsarin ƙasa siyasa ce da lissafi. Hukumar NICE, mai tantance magungunan da suka cancanci kuɗin gwamnati, ta fara ba da shawarar CBT ga ciwon damuwa da fargaba tun 2004, amma babu isassun masu yin ta, majinyata na jiran watanni. Richard Layard, masanin tattalin arziki kuma ɗan Majalisar Dattawan Birtaniya daga jam'iyyar Labour, ya haɗa kai da David Clark, farfesan ilimin halayya, suka kai wa gwamnati hujjar da ma'aikatar kuɗi ke ji. Rahoton da Layard ya jagoranta a 2006 ya ce kimanin mutum miliyan ɗaya ke karɓar tallafin rashin iya aiki saboda larurar ƙwaƙwalwa. Ya ƙiyasta kuɗin jinyar mutum ɗaya a kan fam 750, daidai da abin da gwamnati ke asara a wata guda a kan mutum ɗaya ta hanyar tallafi da harajin da bai biya ba. Ya nemi a horar da ƙarin masu jinya 10,000.

An gwada shirin a Doncaster da Newham a 2006. A watan Oktoban 2007 ministan lafiya Alan Johnson ya sanar da kuɗin da zai kai kusan fam miliyan 170 a shekara, da burin yaye masu jinya 3,600 cikin shekara uku, aka kuma fara a faɗin ƙasa a 2008. Abin lura ga mai bibiyar kasafin kuɗi shi ne an ware kuɗin horo da kuɗin albashi a tare. Ba a yaye mutane sannan a bar su suna yawo da takarda suna neman aiki ba.

Shekara guda a cikin kwas ɗin

Matakan biyu ne. Na ƙasa shi ne na jami'an da ke taimakon masu larura mara tsanani ta hanyar littattafan taimakon kai, da kiran waya, da azuzuwan rukuni. Horonsu na shekara guda ne, galibi kwana ɗaya a mako a jami'a, sauran a wurin aiki. Na sama, wanda shi ne asalin abin da ake nufi da mai jinyar CBT, difloma ce ta gaba da digiri da ita ma ake yi cikin shekara guda: kwana biyu a jami'a, kwana uku a asibiti ana ganin majinyata na gaske. Ɗalibin ma'aikaci ne mai albashi tun ranar farko, kuma hukumar lafiya ce ke biyan kuɗin makaranta. Jami'o'i irin su King's College London da Exeter da Reading suna cikin masu bayar da shi. Oxford kuma tana da nata jerin kwasa-kwasan, daga satifiket zuwa digiri na biyu, waɗanda ma'aikata ke yi suna kan aikinsu.

Manhajar ta kasu uku: tushen CBT, sai jinyar nau'o'in fargaba, sai jinyar ciwon damuwa. Kowace larura tana da nata taswirar. Yadda ake tunkarar mai tsoron shiga jama'a daban yake da yadda ake tunkarar mai firgita ba zato ko mai waswasi, kuma ɗalibi sai ya san kowace. An ɗora manhajar a kan jadawalin ƙwarewa da Anthony Roth da Stephen Pilling na University College London suka tsara a 2007, inda suka bi littattafan jinyar da aka yi amfani da su a gwaje-gwajen da suka yi nasara, suka fitar da abin da mai jinya ya kamata ya iya yi da hannunsa.

Ƙa'idojin BABCP sun ƙayyade mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi. Sa'o'i 450 na karatu da koyon dabaru, aƙalla 200 daga cikinsu a gaban ƙwararrun malamai. Sa'o'i 200 na jinyar majinyata. Aƙalla sa'o'i 40 na zama da mai sa ido, kodayake kwas ɗin hukumar lafiya yana neman 70. Sai ɗalibi ya ɗauki aƙalla mutum takwas tun daga zaman farko har sallama, masu larurori iri uku daban-daban, ya kuma rubuta cikakken rahoto a kan huɗu daga cikinsu.

Sa idon nan shi ne ƙashin bayan horon, kuma shi ne abin da kwas ɗin 'yan sa'o'i ba zai taɓa bayarwa ba. Da izinin majinyaci, ɗalibi yana naɗar zamansa a bidiyo ko murya. Duk mako yana kai wani yanki ga mai sa ido, sau da yawa a gaban 'yan'uwansa ɗalibai biyu ko uku, a kalla tare. A nan ne nas ɗin da ta shekara goma tana aiki za ta ga kanta tana katse majinyaci, ko tana ba shi amsa maimakon ta bar shi ya gano, ko tana kauce wa batun da ya fi ciwo saboda ita ma yana yi mata nauyi. Bayanin da mutum zai bayar da baki game da aikinsa kusan kullum ya fi aikin kyau, shi ya sa ake dagewa a kan naɗin.

A lokacin jarrabawa ana miƙa cikakken zama ga mai gwaji, ya auna shi da ma'aunin da ake kira CTS-R, wanda Ivy Blackburn da abokan aikinta suka sabunta a Newcastle a 2001. Ma'aunin yana da abubuwa goma sha biyu, kamar tsara ajanda, da tafiya tare da majinyaci, da amfani da lokaci, da zaƙulo muhimman tunane-tunane, da ba da aikin gida. Kowanne yana da maki daga sifili zuwa shida. Jimilla 72 ce, kuma sai an samu 36 ake haye wa. Ana faɗuwa, kuma wanda ya kasa gyarawa yana iya rasa kwas ɗin da aikin gaba ɗaya, tunda a haɗe suke. Wanda ya haye ma ba a sake shi ba: ci gaba da zama a rajistar ƙungiyar yana bukatar ci gaba da zuwa wurin mai sa ido da ƙaro ilimi.

Duk da haka akwai giɓi a dokar Birtaniya kanta. Sunan mai jinyar CBT ba ya cikin sunayen sana'a da doka ta kare, don haka kowa na iya rataya allo ya kira kansa haka. Abin da ke tace mutane shi ne hukumar lafiya tana neman shaidar tantancewa kafin ta ɗauki mutum wannan aiki.

Alƙaluman da ake bugawa, da masu sukarsu

A kowane zama majinyaci yana cike gajerun takardun tambaya biyu, PHQ-9 mai auna damuwa da GAD-7 mai auna fargaba. Ana tattara makin, a buga sakamakon kowane yanki a bainar jama'a. Burin da aka sa shi ne rabin waɗanda suka kammala jinya su warke, kashi 75 cikin ɗari su fara cikin mako shida, kashi 95 kuma cikin mako goma sha takwas. A 'yan shekarun nan ana tura sama da mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa shirin duk shekara, kuma adadin masu warkewa yana kai-kawo a kusa da rabin da aka nema. Ƙasashe kaɗan ne ke buɗe littafin lafiyar ƙwaƙwalwarsu haka.

Buɗewar ce kuma ta ba masu suka makami. Rabin da ake magana a kai rabin waɗanda suka kammala ne, kuma kammalawa a lissafin shirin tana iya zama zama biyu kacal. Ƙasa da rabin waɗanda aka tura ne ke kai wannan matsayi. Wani masanin halayya, Michael Scott, ya wallafa a 2018 cewa da ya auna mutum 90 da suka bi ta shirin da ma'auni mai zaman kansa, ƙasa da kashi goma cikin ɗari ya samu sun rabu da larurarsu. Samfurinsa ƙarami ne, kuma na masu neman diyya a kotu ne, don haka ba za a shimfiɗa shi a kan ƙasa duka ba, amma tambayar da ya ɗaga tana nan: shin daidai ne mai jinya ya zama shi ke tattara makin da za a auna shi da su? Wani nazari da Tom Johnsen da Oddgeir Friborg na Norway suka wallafa a 2015 ya ce tasirin CBT a kan ciwon damuwa ya yi ta raguwa a gwaje-gwaje tun shekarun 1970, kodayake wasu masana sun yi jayayya da lissafinsu. Alƙaluman hukumar da kanta sun daɗe suna nuna cewa 'yan asalin Bangladesh da Pakistan ba sa samun sauƙi kamar Turawa. Sannan akwai suka ta siyasa, cewa shirin da aka sayar wa gwamnati da hujjar mayar da mutane bakin aiki yana iya ɗora wa tunanin talaka laifin abin da talauci ya jawo. Wannan suka tana da nauyi, kuma babu adadin sa'o'in horo da zai kawar da ita.

Inda babu kuɗin Ingila

Ƙasar da ba ta da fam miliyan 170 fa? An gwada amsar a wurare da dama. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun sauƙaƙa dabarun CBT, suka koya wa mata ma'aikatan lafiya na unguwa cikin 'yan kwanaki, su kuma suka riƙa bin masu juna biyu da ciwon damuwa ya kama har gida. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2008, kan mata 903, ya nuna bayan wata shida da haihuwa kashi 23 cikin ɗari ne ke da ciwon a rukunin da aka yi wa jinyar, a ɗaya rukunin kuwa kashi 53. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki littafin shirin a 2015, ta kuma fitar da wani mai zama biyar a 2016 domin al'ummomin da rikici ko bala'i ya shafa.

A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin unguwa suna bin dabarar warware matsala, wadda 'yar gida ɗaya ce da CBT. Ba su yi amfani da sunan cutar na Turanci ba, sun ɗauki kalmar Shona kufungisisa, ma'ana yawan tunani. A gwajin da aka buga a 2016 kan mutum 573, kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne suka rage da alamun ciwon damuwa bayan wata shida, a kan kusan rabin waɗanda ba su zauna ba.

Ana yawan kawo waɗannan misalai a matsayin hujjar cewa dogon horo ɓata kuɗi ne. Karatun rahotannin da kyau yana nuna akasin haka. Matan Rawalpindi suna haɗuwa da ƙwararru duk wata a duba aikinsu. Matan bencin Harare suna da na sama da su da za su miƙa wa duk wanda ke cikin haɗari. Gajeren horo ya yi aiki ne saboda akwai mai dogon horo a bayansa. Abin da misalan suka sauya shi ne aikin mai diflomar: maimakon ya ga majinyata ashirin a mako, sai ya zama mai koyarwa da sa ido a kan mutum ashirin da kowannensu ke ganin nasa majinyatan.

Ina Najeriya ta tsaya?

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha bayyana cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da suka daɗe a Arewa su ne na Kaduna da Maiduguri da Kware a jihar Sakkwato. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya. Inda asibiti bai kai ba, wani abu ke cike gurbin: a watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan maza da yara, wasu da mari a ƙafa, daga wani gidan gyaran hali a Rigasa, kafin a gano irinsa a Daura da wasu garuruwa.

Masu ilimin jinya da magana a ƙasar suna fitowa ne galibi ta hanyoyi uku: digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan'adam na asibiti, da horon ƙwarewa na likitoci, da makarantun nas na lafiyar ƙwaƙwalwa. Ƙasar tana da tarihin da za ta dogara da shi. Tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara kwantar da majinyata a gidajen ƙauyawan Aro kusa da Abeokuta tare da danginsu. A Ibadan, Farfesa Oye Gureje ya jagoranci gwajin da aka buga a 2019, inda ma'aikatan asibitocin matakin farko suka yi jinyar ciwon damuwa bayan an horar da su. Kimanin kashi uku cikin huɗu na majinyatan sun samu sauƙi bayan shekara guda, a rukunin da aka ba tsari mai zurfi da kuma rukunin da aka ba ma'aikatansa horon Hukumar Lafiya ta Duniya kawai. Ma'aikacin asibitin unguwa yana iya aikin idan an koya masa.

Kwafo manhajar Landan yadda take ba zai wadatar a Gusau ko Damaturu ba. Majinyaci a nan ba kasafai yake cewa yana da ciwon damuwa ba. Cewa yake kansa na zafi, ko wani abu na yi masa yawo a jiki, ko tunani ya yi masa yawa, kuma sau da yawa ya riga ya biya ta wurin mai ruƙiyya. Aikin gida na rubutu yana ɗauka cewa mutum ya iya boko kuma yana da inda zai ɓoye takardarsa. Gwajin fita cikin jama'a yana da wata ma'ana daban ga matar da sai da izinin miji take fita. Kunya tana hana budurwa faɗa wa namiji abin da zuciyarta ke raya mata. Tambaya kan tunanin kashe kai, wadda wajibi ce a kowane zama, tana da wani nauyi a yankin da sashe na 231 na dokar Penal Code ya tanadi ɗauri ga wanda ya yi yunƙurin. Ko ma'aunin CTS-R sai an samu mai gwajin da ke jin Hausa ko Kanuri ko Fulfulde kafin a iya auna zaman da aka yi da harshen majinyaci.

Akwai kuma batun ficewa. Najeriya tana cikin ƙasashe ukun da suka fi ba Birtaniya nas-nas daga waje, tare da Indiya da Filifin, duk da tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa zawarcin ma'aikatan lafiyarsu. Nas ɗin ƙwaƙwalwa da aka yaye a Kaduna, idan ta yi rajista a can, tana da sana'ar tushen da ake nema domin shiga diflomar CBT da albashi. Duk wani horo mai inganci da za a kafa a gida zai fuskanci wannan jan, muddin ba a haɗa shi da matsayi da albashi a tsarin aikin gwamnati ba.

Dokar 2023 ta tanadi kafa sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ma'aikatar lafiya ta tarayya, da asusu na musamman. Ga ɗan majalisa ko ɗan jaridar da ke bin diddigin aiwatar da ita, tambayoyin da tsarin Ingila ya koyar a fili suke: nawa aka ware wa horo, mutum nawa aka yaye, su wa ke sa musu ido, kuma ina ake buga sakamakon majinyatansu. Ga ma'aikacin lafiyar da ya ga tallar kwas kuma yake shirin biya, zai iya tambayar masu kwas ɗin majinyata nawa zai gani kafin a ba shi takarda, wa zai saurari naɗin zamansa, wace shaida mai sauraron yake da ita, da kuma ko an taɓa kayar da wani a jarrabawarsu.